"Sai gobe": Me ke sa mutum ɗage aikin da ya san ba makawa sai ya yi shi?

A lokacin da masanin tattalin arzikin nan na Amurka George Akerlof yake zaune a Indiya, abokinsa Joseph Stiglitz ya kai masa ziyara. Da baƙon zai koma gida sai kayansa suka fi ƙarfin abin da aka yarda ya shiga jirgi da shi, don haka ya bar wa Akerlof kwalin tufafi guda, a kan ya aika masa daga baya.

Akerlof ya yi lissafi ya ga aika kwalin zai cinye masa yini guda cur. Kullum da safe idan ya farka sai ya yanke shawarar cewa gobe zai je. Haka ya yi ta yi har sama da wata takwas, kwali na ajiye.

Ba wai mutumin bai san lissafin riba da hasara ba ne. Shi da Stiglitz suna cikin waɗanda aka bai wa kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2001. Shi da kansa ya ba da wannan labari a wata maƙala da ya wallafa a 1991, inda ya nuna cewa babu ranar da ya ce ba zai aika ba. Kullum kwana ɗaya tak yake ƙarawa.

Kusan kowane gida akwai irin wannan kwali. Akwai ɗalibin ajin ƙarshe da wata uku ke nan bai buɗe babi na biyu na kundin kammala digirinsa ba. Akwai mai ramuwar azumi da ba ta tashi tunawa sai an ga watan Sha'aban. Akwai magidancin da likita ya ce ya dawo a sake auna hawan jininsa bayan mako biyu, ga shi an shekara. Dukkansu sun san abin da ya kamata, kuma sun yi niyyar yi. Tambayar da masana halayyar ɗan'adam suka shafe shekaru suna bibiya ita ce: me ke shiga tsakanin niyya da aiki?

Ba kowane jinkiri ba

Hausawa kan ce wani jinkirin alheri ne, kuma masana ba su musa ba. Manomin da ya ƙi shuka da ruwan farko, ya jira damina ta zauna, dabara ya yi. Wanda bai biya kuɗin makaranta ba saboda albashi bai shigo ba, rashi ne ya hana shi.

Piers Steel na Jami'ar Calgary a Kanada, wanda a 2007 ya tattara sakamakon ɗaruruwan bincike a kan lamarin ya tace su wuri guda, ya fayyace abin da ake nufi: mutum ya jinkirta abin da ya yi niyyar yi, da son ransa, alhali ya san jinkirin zai jawo masa hasara. Sai waɗannan ukun sun haɗu, wato niyya da zaɓi da sanin illa, sannan ake kiran abin jan ƙafa.

Alƙaluman da Steel ya kawo sun nuna tsakanin kashi 80 zuwa 95 cikin 100 na ɗaliban jami'a suna taɓa wannan hali. Joseph Ferrari na Jami'ar DePaul a Chicago kuma ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na manya abin ya zame masa jiki: a ofis haka, a gida haka, wajen lafiya da biyan bashi ma haka.

Gudun abin da zuciya ke ji

Abin da aka fi saurin jifan mai jan ƙafa da shi shi ne lalaci ko son jiki. Amma duk wanda ya taɓa zama da ɗalibi ana saura kwana uku jarrabawa ya san ba haka abin yake ba. Ranar ce zai share ɗaki, ya wanke kayan da suka yi mako biyu a bokiti, ya goge takalma, har ya kira ɗan'uwan da ya daɗe bai gaisar ba. Malalaci ba ya wannan wahala. Shi wannan aiki yake yi tuƙuru, sai dai ban da aiki guda ɗaya.

Fuschia Sirois, wadda yanzu take Jami'ar Durham a Ingila, da Timothy Pychyl na Jami'ar Carleton a Kanada, sun yi bayani a 2013 cewa tushen matsalar na cikin yadda mutum ke sarrafa abin da yake ji a ransa. Aikin da ake gudu yana zuwa ne da wani ɗaci: gundura, ko fargaba, ko kunya, ko ruɗewa saboda ba a san ta inda za a fara ba, ko haushin wanda ya ba da aikin. Da zarar mutum ya ce "bari sai anjima", ɗacin sai ya kau, ya ji sakayau.

Wannan sakayau ɗin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwa tana koyon duk abin da ya kawo mata sauƙi nan take, ta maimaita shi. Gobe idan aikin ya sake faɗowa a rai, ta riga ta san maganin da ya yi aiki jiya.

Wani gwaji da Dianne Tice da abokan aikinta suka wallafa a 2001 ya fito da abin fili. An sa wasu ɗalibai cikin ɓacin rai, wasu cikin nishaɗi, sannan aka ba su 'yan mintuna su yi atisayen lissafi kafin wata jarrabawa, ga kuma abubuwan ɗauke hankali an ajiye a ɗakin. Masu ɓacin rai sun fi kowa watsar da atisayen su koma wasa. To amma an yi wa wani rukuni dabara: an kunna kyandir mai ƙanshi, aka ce musu ƙanshinsa zai daskarar da yanayin zuciyarsu na ɗan lokaci, komai suka yi ba zai canja ba. Waɗannan, duk da ransu a ɓace yake, ba su bi wasan kamar sauran ba. Tunda sun yarda wasan ba zai faranta musu ba, sai ya rasa amfani.

Wato ba wasan ake so ba. Sauƙin zuciya ake nema, wasan hanya ce kawai.

Misalin gaisuwar mutuwa

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar a ta'aziyya. An yi wa abokin mutum rasuwa a wata unguwa. Ranar farko ya ce yau cunkoso ya yi yawa, gobe zai je. Gaskiyar magana ita ce zama gaban wanda ke cikin jimami abu ne mai nauyi, ba kowa ya san abin da zai faɗa bayan addu'a ba. Aka yi sadakar uku bai je ba. Aka yi bakwai.

Daga nan lissafin ya canja. Da farko nauyi ɗaya ne, na gaisuwar. Yanzu ya zama biyu, domin sai ya fara da ba da haƙurin rashin zuwa da wuri. Kafin arba'in kunya ta ninka, har ya fara sauya hanya don kada su haɗu a masallaci ko kasuwa, idan kiran abokin ya shigo ya bar wayar ta yi ta ruri. Zumuncin shekara ashirin na iya yin sanyi a kan tafiyar da ba ta wuce minti talatin a Keke Napep ba.

Mutumin nan ba ya ƙin abokinsa. Da bai damu da shi ba, da kunyar ba za ta kama shi ba. Haka abin yake ga wanda ya ci bashi yana da halin biyan rabi amma ya kasa zuwa ya faɗa, da ɗalibar da ta daina zuwa wurin malamin da ke duba kundinta saboda ta yi alƙawarin kawo gyara tun watan jiya. Duk kwanan da aka ƙara, aikin yana ƙara ɗaci, ɗacin kuma yana ƙara dalilin gudu.

Wani lokaci farashin ya fi zumunci. Likitoci a Najeriya sun daɗe suna kokawa cewa mafi yawan masu cutar dajin mama ba sa isa asibiti sai ta yi nisa. Rashin kuɗi da nisan asibiti da fara bi ta maganin gargajiya suna da babban kaso a ciki, ba za a ɗora wa marasa lafiya laifin duka ba. Amma akwai tsoro ma. Matar da ta ji ƙullutu a jikinta ta san cewa muddin ba a auna ba, tana iya ci gaba da ce wa kanta ba komai ba ne. Zuwa asibiti shi zai raba ta da wannan kwanciyar hankalin.

Bashin da ake biya da ruwa

Tice da Roy Baumeister sun bi sawun ɗaliban jami'a tsawon zangon karatu guda, suka wallafa sakamakon a 1997. A farkon zango masu jan ƙafa ne ke cin riba: damuwarsu kaɗan ce, ba su cika rashin lafiya ba. Zuwa ƙarshen zango abin ya juye. Sun fi kowa shiga matsi, sun fi yawan ciwo da zuwa asibiti, makinsu kuma ya fi na sauran ƙasa. Da aka haɗa jimillar wahalar farko da ta ƙarshe, tasu ta fi yawa.

Wannan ya taɓa maganar da masu halin suka fi kare kansu da ita, wai kansu ya fi ja idan wuta ta zo wuya. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne sai a lokacin ne kawai suke zama su yi aikin, don haka ba su da wani aikin nasu na natsuwa da za su gwada da shi.

A Suwidin ma, wani bincike da aka wallafa a 2023 ya bi ɗalibai 3,525 na jami'o'i, ya gano cewa waɗanda suka fi jan ƙafa a farko sun fi nuna alamun ciwon damuwa da fargaba da rashin barci mai kyau bayan wata tara.

Gara a ce bai yi ƙoƙari ba

Akwai wani tsoro na daban da ke ɓuya a bayan jinkiri, wato tsoron a gane iyakar mutum.

A 2000 Ferrari da Tice sun ba mutane wani aikin lissafi da lokacin shiri. An ce wa wasu wannan gwaji ne da zai auna kaifin basirarsu. Wasu kuma aka ce musu wasa ne kawai na nishaɗi. Waɗanda jan ƙafa ya zame musu hali sun yi sakaci da shiri ne a lokacin da aka ce gwajin basira ne. Da aka kira shi wasa, sun shirya kamar kowa. Aikin iri ɗaya ne, sunan kawai aka canja.

Bayanin da masana ke bayarwa shi ne mutum na gina wa kansa uzuri tun kafin a fara. Wanda ya yi wata guda yana karatu ya faɗi, ba shi da abin cewa. Wanda ya buɗe littafi daren jarrabawa kuwa yana da mafaka ta kowace fuska: idan ya faɗi, lokaci ne bai isa ba, idan ya ci, ai ka ga gwani. Shi ya sa a bakin ɗakin jarrabawa ake yawan jin masu rantsuwa cewa ko shafi ɗaya ba su duba ba. A al'ummar da "me mutane za su ce" ke da nauyi, a ce wa mutum bai maida hankali ba ya fi masa sauƙi a kan a ce ba shi da kai.

Masu cewa son aiki ya fita tsaf ne ke sa su jinkiri suna da gaskiya rabi. Bincike ya raba abin gida biyu. Mai son aikinsa ya yi kyau don kansa, yawanci da wuri yake farawa. Wanda ke jan ƙafa shi ne mai fargabar kuskure da sukar mutane, wanda ke jin idon wani a kan takardarsa tun kafin ya rubuta layin farko.

Mutumin gobe baƙo ne

Duk mai cewa "sai gobe" yana miƙa aikin ne ga wani mutum: shi kansa na gobe. Kuma yana kyautata wa wannan mutumin zato fiye da kima. Na gobe ba ya gajiya, ba ya samun baƙi, ba a ɗauke masa wuta, ransa kuma a shirye yake.

Hal Hershfield, wanda yanzu yake koyarwa a Jami'ar California da ke Los Angeles, ya yi amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ya duba abin da ke faruwa idan mutum yana tunanin kansa na yau, da kansa na shekara goma masu zuwa, da kuma wani mutum dabam. A wurin mutane da yawa, tunanin kai na gaba ya fi kama da tunanin wani baƙo. Waɗanda tazarar ta fi girma a wurinsu sun fi son karɓar kuɗi kaɗan yanzu a kan jiran mai yawa. A wani gwajin na 2011, waɗanda aka nuna wa hoton fuskarsu an tsofar da ita a kwamfuta sun ware kuɗi mafi yawa don ajiyar tsufa.

Ɗora wa baƙo kaya ba ya da wuya. Wahalar yau ana jin ta a jiki, ta wata uku masu zuwa labari ce kawai. Steel ya tsara abin kamar lissafi: ƙwarin gwiwar yin aiki yana ƙaruwa idan mutum na sa ran zai iya, kuma aikin na da daraja a wurinsa. Yana raguwa idan sakamakon na da nisa, musamman ga mai saurin bin abin da ransa ya raya masa. Shi ya sa aikin da aka ba da wata shida ba ya da nauyi a wata na farko, sai ana saura mako ya zama dutse.

Ga kuma kuskuren ƙiyasin lokaci. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban wata jami'a a Kanada kwana nawa za su ɗauka su gama kundinsu. Matsakaicin amsarsu kwana 34. Aka ce to idan komai ya lalace fa? Suka ce kwana 49. Abin da suka ɗauka a zahiri ya kai kwana 55, wato ya zarce har mummunan zaton nasu.

Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah ya san wannan lissafi. Telan da ya karɓi shadda tun farkon azumi ya ce a dawo ranar goma, sau da yawa ba yaudara ya shirya ba. Ya auna ne da ranar da komai ya tafi daidai, ya manta bara da bara waccan duk a shago ya kwana daren Sallah. Masu kai ɗinkin ma ba su tsira ba, da yawa sai goman ƙarshe suke sayen yadi, duk da sun san ba a fafe gora ranar tafiya.

Manoman Kenya da takin zamani

Lamarin bai tsaya ga 'yan boko da ma'aikatan ofis ba. A yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun lura cewa manoma da yawa sun yarda takin zamani na ƙara amfanin gona, suna kuma cewa za su saya a damina mai zuwa, amma kaɗan ne ke sayen. Da kaka akwai kuɗi a hannu, sai dai zuwa kanti ɗawainiya ce, kuma lokacin sa taki da saura. Kafin lokacin ya zo, kuɗin sun bi wasu buƙatu.

Sai aka gwada wani abu mai sauƙi. Da an gama girbi, ma'aikaci ya je har gida ya sayar wa manomi takardar taki a farashin kasuwa, tare da alƙawarin kawo masa kyauta a lokacin da yake so. Amfani da taki ya ƙaru da kashi 47 zuwa 70 cikin 100, kamar yadda suka wallafa a 2011. Wannan ɗan tayin ya yi tasiri kusan daidai da rage rabin farashi idan aka bari sai damina ta yi nisa.

Manomin da ke sayar da masara da arha a watan Nuwamba, ya dawo yana neman bashin taki a watan Yuni, zai gane wannan labari ko bai taɓa jin sunan Kenya ba. Talauci gaskiya ne, amma lokacin da aka yanke shawara shi ma yana da nasa tasirin.

Haka kuma wa'adi yana aiki ne gwargwadon yadda aka yarda da shi. A Disamban 2020 aka bai wa 'yan Najeriya mako biyu su haɗa layukan wayarsu da lambar NIN. An yi ta ƙara wa'adin, aka toshe wa miliyoyin layuka kira a Afrilun 2022, maganar ba ta kai ƙarshe ba sai Satumban 2024. Dogayen layuka da ƙarancin cibiyoyin rajista sun hana mutane da yawa. Amma duk ƙarin da aka yi yana koya wa jama'a darasi guda, cewa ranar ƙarshe ba ita ce ta ƙarshe ba.

Waya a hannu

Mutane sun yi jan ƙafa tun kafin a ƙera waya. Abin da wayar ta canja shi ne nisan mafaka. A da sai mutum ya tashi ya tafi majalisa ko teburin mai shayi kafin ya guje wa aiki, kuma ana ganinsa. Yanzu yana zaune gaban aikin, littafi a buɗe, ɗan yatsa kawai zai motsa ya faɗa TikTok ko WhatsApp. Ba ya ma jin ya yanke shawarar barin aikin, "minti biyu" kawai ya ce.

Har barci ana ɗagewa. Floor Kroese da abokan aikinta a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun bayyana wannan a 2014: mutum ya gaji, babu abin da ya hana shi kwanciya, ya san da asuba zai tashi, amma ƙarfe ɗaya na dare yana nan yana latsa waya.

Akwai gado a ciki, amma ba shi ke nan ba. Wani bincike a kan tagwaye da aka yi a Jami'ar Colorado a 2014 ya nuna kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali na da alaƙa da ƙwayoyin halittar gado, waɗanda kuma ke da alaƙa da saurin bin son rai. A Jamus, masu bincike a Jami'ar Ruhr da ke Bochum sun duba ƙwaƙwalwar mutum 264 a 2018, suka ga masu wahalar fara aiki suna da amigdala mafi girma, wato ɓangaren da ke faɗakar da mutum game da haɗari. Binciken bai nuna wanne ya haifar da wanne ba.

Idan kuwa jinkirin ya zo tare da rashin jin daɗin komai, da sauyin barci da cin abinci na makonni, ko mutum tun yana yaro ba ya iya tsayar da hankali wuri guda, to yana iya zama alamar ciwon damuwa ko larurar ADHD. Wannan aikin likita ne, faɗa da gori ba sa warkar da shi.

Zagin kai ba ya aiki

Idan gudun ɗacin rai ne tushen matsalar, to ƙara wa mutum ɗaci ba zai gyara shi ba. Wannan ne ɓangaren da ya fi saɓa wa yadda iyaye da malamai da shugabannin ofis suka saba yi, da yadda mutum ke yi wa kansa idan ya kwanta.

Michael Wohl da Pychyl da Shannon Bennett sun bi ɗalibai sama da 100 na shekarar farko a Carleton tsakanin jarrabawa biyu, suka wallafa a 2010. Cikin waɗanda suka yi sakaci da karatun jarrabawar farko, waɗanda suka yafe wa kansu sun rage jan ƙafa a ta biyu. Dalilin shi ne sun daina jin ɗaci idan suka tuna darasin, don haka babu abin gudu. Yafewar ba tana nufin a ce ba a yi laifi ba. Mutum ya amsa ya yi, sannan ya daina yi wa kansa shari'a a kai.

Abu na biyu da ya samu goyon bayan bincike shi ne ɗaure niyya da lokaci da wuri. Peter Gollwitzer da Veronika Brandstätter sun nemi ɗalibai a Jamus su rubuta rahoton yadda suka yi jajibirin Kirsimeti cikin kwana biyu. An sa rabinsu su faɗi takamaiman lokaci da wurin da za su zauna su rubuta. Waɗannan sun cika alƙawari fiye da ninki biyu na sauran. "Zan je dubiya cikin makon nan" buri ne. "Ranar Talata idan na fito daga sallar La'asar zan wuce asibiti kai-tsaye" ya riga ya rufe ƙofar shawara.

Pychyl kuma yana yawan nanata a fara kawai, ko da ƙaramin abu ne, ba tare da jiran rai ya so ba. A binciken da ya yi da ɗalibai, sun bayyana cewa da suka fara aikin sai suka tarar bai kai munin da suke zato ba. Mai kundi ya buɗe fayil ya gyara sakin layi ɗaya. Mai bashi ya tura saƙo guda. Sha'awar aikin takan biyo bayan farawa.

Wasu kuma ɗaure kansu suke yi tun da sauran ƙarfi. Marubucin Faransa Victor Hugo ya yi ta jan ƙafa a kan littafinsa Notre-Dame de Paris har mawallafi ya matsa masa. A ƙarshen 1830, kamar yadda matarsa ta ba da labari, ya sayi kwalbar tawada da wani babban mayafin ulu, ya kulle kayan fitarsa don kada ya je ko'ina. Littafin ya fito a 1831. Matan da ke zubin adashi suna yin irin wannan ba tare da sun karanta Hugo ba: sun san kuɗin da aka bari a ɗaki da niyyar tarawa ba sa kwana, amma uwar adashi za ta aiko ranar zubi, kuma ba a son jin kunya a gaban sauran.

Shi ma kwalin Stiglitz ba wata safiya ce Akerlof ya tashi da sabon ƙarfin zuciya ya kai shi gidan waya ba. Ana saura 'yan watanni ya bar Indiya, wani abokinsu ya tashi aika nasa kayan masu yawa zuwa Amurka, sai Akerlof ya cusa kwalin a ciki.